Yadda za ka sauke 'ya'yan jatan lande daga ruwan zartsi zuwa ruwan daɗi ba tare da ka yi asararsu ba

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda na yi maganar jatan lande a zaman da muka yi da 'yan'uwa masu kiwon kifi, mutane ke ta kirana a waya da tambaya kusan iri ɗaya, wai da gaske abin nan zai rayu a ruwan Gombe, ba ɗan teku ba ne? To zai rayu, har ya yi girma ya kai a sayar, amma akwai wani ɗan tsakani na awowi, daga sanda leda ta iso hannunka zuwa sanda ka sake su a tanki, wanda in ka yi garaje a cikinsa shikenan kuɗinka sun bi ruwa. A kan wannan tsakanin nake so mu tsaya sosai.

Ni kaina na taɓa yin wannan asarar, shi yasa abin yake min ciwo in na ga wani zai faɗa ramin. Karon farko da aka aiko min da su daga kudu, cikin Disamba ne ana tsakiyar hunturu, na yi musu yadda na saba yi wa 'ya'yan tarwaɗa kawai, na ɗora ledar a kan ruwa 'yan mintoci, na kwance, na juye. Wanda ya sayar min bai gaya min cewa har yanzu a ruwan gishiri suke ba, ni ma ban tambaya ba. Da asuba na haska tocila a gindin tankin, sai na ga abin kamar an watsa ɗanyar shinkafa, fari fat sun kwanta. Mai rai jikinsa garau yake kamar gilashi, har kana hango cikinsa, in ya mutu ne yake komawa fari. Wlh ranar ko karin kumallo ban iya yi ba.

Kafin mu shiga aikin sai ka gane me yake faruwa a jikin ɗan abin nan, domin in ka gane, ko ba a gaya maka mataki ba kai da kanka za ka san abin da bai kamata ba.

Ka yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri ka bar shi minti goma, za ka ga ruwa ya tsatso. Ka jiƙa wake a ruwa ya kwana, da safe ya kumbura. Ka'idar guda ce, ruwa kullum bin gishiri yake yi, duk ɓangaren da gishiri ya fi yawa can yake tafiya. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita. Ruwan daɗi irin na rijiya da kogi bai kai rabin giram ba. Duk abin da ke tsakani shi ne ruwan zartsi, kuma shi ake samu a inda kogi ya haɗu da teku, kamar tafkin Legas da rafukan Neja Delta. Daga nan zuwa ƙasa in na ce gishiri 12 ko gishiri 5, giram a lita ɗaya nake nufi. Jinin mutum ma wajen 9 yake, shi yasa ledar ƙarin ruwa ta asibiti za ka ga an rubuta 0.9 a jikinta. Jinin jatan lande ya ɗan fi namu gishiri, ya kusa rabin na teku. To kaga in ka jefa shi ruwan daɗi, ruwa zai yi ta kutsawa jikinsa gishirin jininsa kuma yana zurarewa waje, in ka jefa shi ruwan da ya fi jininsa gishiri sai abin ya juya, ruwan jikinsa ya yi ta fita ya bushe alhali yana tsakiyar ruwa.

Wurin da suke zama a asali kuwa ba ya tsayawa a hali ɗaya. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, damina ta zo kogi ya turo ruwan daɗi har tafkin Legas ya kusa zama ba gishiri, rani ya zo gishiri ya dawo. Kowace halitta a wurin da dabararta. Kawa, wadda take manne a jijiyoyin itatuwan bakin ruwa a Neja Delta, ita ba ta da ƙafar gudu, to in ruwan daɗi ya yi yawa sai ta rufe ɓawonta gam ta yi kwanaki a haka ba ci, in abin ya daɗe sai ta bar jininta ya bi gishirin ruwan waje, sannan a hankali ta rage wasu sinadarai da ke cikin ƙwayoyin jikinta don kada su kumbura su fashe. 'Ya'yanta kuwa da suke yawo a ruwa sati biyu zuwa uku kafin su sami inda za su manne, ɓawonsu bai yi kaurin da zai kare su ba, ga shi ruwan da gishiri ya yi ƙaranci kayan gina ɓawo ma sun yi ƙaranci a cikinsa, shi yasa ambaliya ta fi yi musu ɓarna fiye da iyayensu. Ƙaguwa da jatan lande su nasu daban, faɗa suke da ruwan. A mashaƙar iskarsu, wadda ke ƙarƙashin ɓawon kai ta gefe da gefe, akwai wasu ƙananan famfuna da ido ba ya gani da suke zuƙo gishiri daga ruwa su tura cikin jini, sannan a gindin dogon gashin bakin nan akwai wurin da suke fitar da fitsari su zubar da ruwan da ya yi yawa. Famfunan nan da ƙarfin abinci suke aiki, kamar janareta da mai. Kuma abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu, ba a haifar su da famfunan a kammale. Sai sun yi girma zuwa wani mataki, kuma ko sun kammalu suna buƙatar awowi kafin su ƙara wuta. Wannan awowin su ne za ka ba su.

Wanda ya fi shahara wajen kiwo a ruwan daɗi a duniya shi ne babban jatan landen kogi na Asiya, masana na ce masa Macrobrachium rosenbergii, mai dogayen hannuwa shuɗaye. Muna da ɗan'uwansa na nan gida, Macrobrachium vollenhovenii, a kogunan Afirka ta Yamma tun daga Senegal har Angola. Duka biyun manyansu a ruwan daɗi suke zama, amma in mace ta ɗauki ƙwai a ƙarƙashin cikinta, kusan sati uku take riƙe da su, sai ta gangara wajen zartsi, saboda jariran in aka ƙyanƙyashe su a ruwan daɗi ba sa wuce 'yan kwanaki. An daɗe ana shan wahalar wannan ba a gane ba, sai a 1961 wani masani mai suna Shao-Wen Ling da ke aiki da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Penang ta ƙasar Malesiya ya gano gishiri suke nema, daga baya Takuji Fujimura a Hawai ya fitar da hanyar renonsu da yawa. Daga nan sana'ar ta tashi. Na Asiyan yana bin matakai 11 yana jariri, a gishiri wajen 12, cikin sati uku zuwa biyar gwargwadon ɗumin ruwa da abinci, kafin ya rikiɗe ya zama ɗan ƙaramin jatan lande sosai wanda masu haceri, wato wurin ƙyanƙyasar iri, ke kira PL, tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba. PL ɗin nan shi ne a kogi yake kama hanya ya hauro sama yana bin gefe, kuma shi kaɗai ne ya halatta ka saya.

To abu na farko, tun kafin ka tura ko sisi, ka kira mai hacerin ka yi masa tambaya uku. Gishirin ruwan da za a ɗaure su a ciki nawa ne, kwana nawa da rikiɗewarsu, kuma an riga an sauke su zuwa ruwan daɗi ko ba a sauke ba. In ya ce an sauke su sun yi sati ɗaya ko biyu a ruwan daɗi suna cin abinci, madalla, aikinka ya ragu da rabi ko da ya ɗan ƙara maka kuɗi ka biya, ya fi maka arha. In ya fara kame-kame bai san lambar gishirin ruwansa ba, ka nemi wani. Wanda bai san wa zai tambaya ba ya fara da cibiyar binciken teku ta ƙasa da ke Legas, suna da cibiyar kiwon kifi a Aluu kusa da Fatakwal da tashar ruwan zartsi a Buguma, ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa.

Ko me aka gaya maka a waya, ka auna da kanka. Abin awon sunansa rifraktomita, kamar ɗan guntun madubin hange yake, ka ɗiga ruwa a bakinsa ka rufe ka kalli haske, za ka ga layi tsakanin shuɗi da fari ya tsaya a kan lamba. Kafin ka fara ka ɗiga masa tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba fa, ka ga ko ya tsaya a sifili, in bai tsaya ba akwai ɗan noti a sama da ake murɗawa. Matsalarsa ɗaya, in gishiri ya sauko ƙasa da 3 karatunsa ba ya fita sosai, a nan ne mitar TDS irin ta masu fiya wata take da amfani, in ta nuna 1000 kusan giram ɗaya ke nan a lita. Ka nemi ma'aunin zafi na ruwa, famfon iska ƙarami da dutsensa da batirin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta, baho mai faɗi, farin kofi ko faranti, da robar ƙarin ruwa sabuwa daga kemis. Don Allah bahon da bokitin su zama sababbi ko waɗanda ka tabbatar da tarihinsu. Jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne ta wajen halitta, maganin feshin da tarwaɗa za ta sha ta wartsake shi kashe shi yake nan take, bokitin da aka taɓa dama maganin gona a ciki ko ɗakin da aka fesa fiya-fiya duk haɗari ne. Masu ɗiban ruwa daga hanyoyin ban ruwa na Dadin Kowa su lura da wannan sosai lokacin da ake feshin shinkafa da kayan lambu.

Ruwan da za ka sauke su a ciki ka tanade shi tun kwana biyu kafin su iso, ka sa masa iska. In na famfo ne sinadarin kulorin ya fita, in na bohol ne ya sha iska domin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana fitowa ba iskar numfashi a cikinsa. Zafin da suke so 28 zuwa 31 ne. Ƙasa da 20 sun daina ci sun lafe, in ya kai wajen 14 mutuwa ce, sama da 35 ma haka. Kaga ke nan Disamba da Janairu ba lokacin kawo su Gombe ko Bauchi ba ne sai in kana da ɗaki rufaffe da abin ɗumama ruwa, haka tsakiyar Afrilu tankin roba a rana tukunya ce. Ni na fi son farkon damina. Sanyi yana rage wa famfunan nan gudu, to ka haɗa musu sanyi da canjin gishiri lokaci ɗaya kamar ka ɗora wa mara lafiya buhu ne, kuma abin da ya same ni ke nan.

Leda ta iso. Kar ka buɗe a rana, ka shiga inuwa, ka ɗora ta a kan ruwan tankinka a ɗaure minti 20 zuwa 30 zafin ciki da na waje su daidaita. Sannan ka kwance ka juye su da ruwansu gaba ɗaya cikin baho, ka saka iska nan da nan amma a hankali, ba wadda za ta riƙa wujijjiga su ba. Ka auna gishirin. Sai ka ɗebo kaɗan a farin kofi ka zauna ka kalle su da kyau, wannan kallon ya fi duk wani awo. Wanda ya rikiɗe yana iyo gaba, bayansa a sama, yana tafiya a gindin kofi da ƙafafu, yana maƙalewa a bango, in ka juya ruwan da yatsa zai juyo ya fuskanci ruwan yana turjewa. Wanda bai rikiɗe ba kuwa a kife yake iyo, ciki sama, wutsiya gaba kai ƙasa, yana yawo a tsakiyar ruwa ba ya sauka. In ka ga irin waɗannan da yawa ka dakata, ba su isa shiga ruwan daɗi ba ko da a hankali ne, dole su ci gaba da zama a gishirinsu har su juye. Da na san wannan a karon farko da na gane rabin abin da aka aiko min jarirai ne.

Kafin ka taɓa sauran, ware guda 20 ka gwada da su. Ka sa su a kofi da ruwan ledar, ka ƙara ruwanka daidai yawan wanda ke ciki, ka ba su awa ɗaya. In duk suna nan garau, ruwanka ba shi da guba kuma suna da ƙarfi. In sun fara faɗuwa ta gefe ko suna yin fari, ka san ko ruwanka da matsala ko tafiya ta galabaitar da su, don daga bakin teku zuwa nan tafiya ce mai nisa, sai ka bar su su huta 'yan awowi da iska kafin ka fara, ka kuma sassauta gudun.

Saukewar kanta lissafi ne mai sauƙi. A ce ruwan bahon 12 ne. Ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, da tiyo mai raga a baki don kar ka zuƙe su, ka mayar da ruwan daɗi daidai wanda ka cire, zai dawo 9. Bayan awa ɗaya ka sake, ya dawo kusan 7, sai 5, sai kusan 4, sai 3, sai 2, sai ɗaya da rabi, sai 1. Sau takwas ke nan, kuma kar ka kwara ruwan a ka, ka zuba ta gefen baho yana gangarawa. Mutane suna yin haƙuri a farko, in suka ga ya sauko 3 sai su ce ai an gama su juye. Alhali nan ne wurin ya fi tsauri, don duk sanda ruwan waje ya ƙara zama salam tazarar da ke tsakaninsa da jininsu ƙaruwa take, famfunan na aiki iya ƙarfinsu. Daga 3 zuwa ƙasa ni ninka lokacin nake, awa biyu tsakani. Gaba ɗaya ka ware wa aikin awa 12, in sun zo a gajiye ka kai shi kwana guda, babu abin da za ka rasa. In ba za ka iya zaman gadi ba ga inda robar ƙarin ruwa take shigowa, ka ɗora jarkar ruwan daɗi a kan kujera sama da baho, ka zura robar, ka murza ɗan tayan nan har ruwa ya riƙa zuba siriri, ka huda bahon ta sama ka rufe hudar da raga yadda rarar za ta riƙa fita, amma duk da haka kana lekowa kana aunawa duk awa biyu.

Kana cikin yi za ka ga wasu fatu farare marasa nauyi suna yawo a ruwa kamar gawa, kar gabanka ya faɗi, saɓa ce irin ta maciji. Ɗauko ɗaya ka duba, in fanko ce ba nama to saɓa ce. Sai dai in ka ga ta yi yawa ka tsayar da ƙarin ruwa na awa biyu ko uku, saboda wanda ya yi saɓa yanzu jikinsa taushi ne, ruwa na ratsa shi ta ko'ina, kuma a lokacin ne 'yan'uwansa suke far masa su cinye. Eh suna cin junansu sosai in yunwa ta kama su ko wuri ya matse, don haka ka jefa musu guntayen raga ko zaren buhu da aka wanke su samu wurin maƙalewa da ɓuya, ka ɗan barbaɗa abinci kaɗan bayan awa uku ko huɗu da farawa, garin abincin 'ya'yan kifi mafi laushi ya isa, kaɗan fa, wanda ya rage ka zuƙe shi kar ya ɓata ruwa.

In ya zama dole ka riƙe su a zartsi na 'yan kwanaki saboda ba su gama rikiɗewa ba, to ga inda mutane da yawa suke kuskure, suna ɗauka gishirin miya da ruwa shi ne ruwan teku. Gishirin girki kusan kashi 85 cikin 100 ne kawai na abin da ke narke a teku, ragowar akwai maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kuma jariran ba sa rayuwa babu su. Kanwa ko manda ma ba za su cike gurbin ba, kanwa ma ƙara lalata ruwan za ta yi. Mafita ita ce ka roƙi mai hacerin ya haɗo maka da jarka ɗaya ko biyu na ruwan teku, ko ka sayi haɗaɗɗen gishirin teku da masu kifin ado suke amfani da shi. In ruwan teku ne mai 35, lita 34 a cikin lita 66 na ruwan daɗi zai ba ka lita 100 mai gishiri 12. Kuma ka tuna da iskar nan tamu mai busar da komai, ruwa ne yake tashi gishiri yana nan, to in ka ga tanki ya ragu ka cika da ruwan daɗi ba na gishiri ba, ka yi alama a jikin tankin. In a waje yake ka rufe shi kar ruwan sama ya faɗa, domin ruwan daɗi ya fi sauƙi, kwanciya yake a sama bai gauraya ba, ka auna sama ka ga wata lamba ƙasa kuma wata.

Bayan sun sauka lafiya kar ka kai su babban fond, wato kududdufin kiwo, kai tsaye, su yi sati biyu zuwa huɗu a tankin reno tukuna. Ruwan daɗin ma yana da sharaɗi, suna buƙatar kalsiyam a cikinsa don sabon ɓawo ya yi tauri, in ka ga suna saɓa ɓawon ya ƙi ƙarfi ruwanka ya yi laushi, sai a gyara da farar ƙasa ta noma kaɗan kaɗan. Wanda ruwansa ke fitowa daga ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta wajen Ashaka shi kuma ya auna kar taurin ya wuce kima. Kar ka haɗa su da tarwaɗa ko da wasa, abincinta ne. Da karfasa suna zama lafiya, ita tana sama su suna ƙasa. A fond na ƙasa guda 4 ko 5 a kowace murabba'in mita ya isa mai farawa, wata shida zuwa takwas ka fara tsame manya. Kuma tunda 'ya'yansu ba sa rayuwa sai da zartsi, ko ka ga mata ɗauke da ƙwai a fond ɗinka kar ka sa rai, kowace shekara sai ka sake sayen iri, ka sa wannan a lissafinka tun farko. Masu tambayar halacci kuma, mu nan mazhabar Malikiyya muke bi kuma a cikinta halittun ruwa halal ne, ai ƙananansu busassu da ake kawowa daga kudu mun daɗe muna daka su a miya.

Wannan tafiya tasu tsakanin zartsi da ruwan daɗi ba ƙaramin abu ba ne, har lafiyar mutane ta shafa. A 1986 aka kammala madatsar Diama a kusa da bakin kogin Senegal don hana ruwan gishiri haurowa gonaki. Ta hana, amma ta tare wa jatan lande hanya, iyaye ba sa iya gangarawa 'ya'ya ba sa iya haurowa, suka ɓace a saman kogin. Ashe su ne suke cinye ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta barke a yankin Richard Toll abin ba kyan gani. Daga baya masu bincike suka mayar da jatan landen a wani mashigin ruwa na ƙauyen Lampsar, sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna katantanwar ta ragu, kamuwa da cutar ma ta ragu. Duk wanda ya tashi kusa da dam ko fadama a ƙasar nan ya san yaro mai fitsarin jini, shi yasa labarin nan ya tsaya min a rai, kuma yana cikin abin da ya sa ban haƙura da kiwon ba bayan asarar farko.

Shawarata ga wanda bai taɓa aiki da ruwan gishiri ba, ya fara koyon hannu da atimiya, wata 'yar ƙaramar halittar ruwan gishiri dangin jatan lande, kafin ya sa kuɗi a jatan lande. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa sun san ta, ƙwan nan mai kamar garin ƙasa da ke zuwa a gwangwani, mafi shahara daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka ake kwaso shi. Ka tabbatar mai ɓawo ka saya, wanda aka cire wa ɓawo aka busar galibi ba ya ƙyanƙyashewa, ba wa kifi ake yi kai tsaye. Ita atimiya gishirin girki ma ya ishe ta. Ka yanke gindin gorar ruwa guda uku ka kifa su baki ƙasa, kowace lita ɗaya, ta farko ba gishiri, ta biyu giram 25, ta uku giram 100, ka zuba ƙwan giram 2 a kowace, ka sa iska daga ƙasa da fitila a kusa, ruwan ya zama da ɗumi wajen 28. Bayan awa 24 ka kashe iskar ka jira minti biyar ka haska tocila a gefen gora. A ta tsakiyar za ka ga jan gajimare yana motsi yana taruwa wajen hasken, ɓawon kuma ya taso sama, sauran biyun ka gwada da idonka ka ga bambanci. Sannan ka zuƙo kaɗan daga masu ran ka raba biyu, rabi ka bar su a ruwansu rabi ka sa a ruwan daɗi zalla, ka riƙa dubawa duk awa kana rubuta lokacin da na ruwan daɗin suka fara sauka ƙasa. Malaman bayoloji na sakandare ma za su iya yi da ɗalibai, kayan duka ba su wuce gora uku da gishiri da famfon iska ɗaya mai baki uku ba, in makaranta ba wuta a haɗa shi da ƙaramin batirin sola ya kwana yana aiki.